Wasiƙa ga Aminina Bakano: Don Me Muke Cewa Allah Ya Zama Mutum

Wusasa, Zariya

Aminina,

 Yaya kasuwa, yaya sanyi? Mu nan hunturu ya sauko sosai, tsofaffi har sun fara kwana da kasko a ɗaki.

Na saurari saƙon muryarka. Ka ce autarka ta dawo daga makaranta ta tsare ka, wai ƙawarta ta gaya mata Kirsimeti ranar da Allah ya zama jariri ce, ta ce yaya za a yi haka, kai kuma ka ce mata bari ka tambayi baffanta na Zariya. Madalla. Yau ga Bakano ya zo neman ilmi wurin Bazazzagi, kuma kyauta, wanda na san shi ya fi yi maka daɗi. Maganar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Jayayya ba ta cikin niyyata. Zan faɗa maka abin da muka gaskata da dalilinsa, yadda in za ka ƙi, ka ƙi abin da muke faɗa da gaske, ba wanda ake jingina mana a teburin mai shayi ba.

Abu biyu zan fara kawarwa, don su ke sa zancen ya cije tun ba a je ko'ina ba. Na farko, in Kirista ya ce Yesu Ɗan Allah ne, babu aure ko saduwa a cikin maganar ko kaɗan. Wanda duk ya fassara ta haka, fastonsa ne zai tsawata masa kafin kai. Na biyu, Maryamu ba ta da rabo a allahntaka. Mace ce mai daraja ƙwarai, amma halitta ce kamar ni da kai. Abin da muke cewa shi ne, Allah ɗaya ne, Kalmarsa kuma tana tare da shi tun fil'azal, ba halittacciya ba ce, ba a kuma raba ta da shi. Ita muke kira Ɗa. A wani lokaci sananne, zamanin da Agusta yake sarautar Rum, Hirudus kuma yake riƙe da Yahudiya, Kalmar nan ta ɗauki jiki da rai irin na mutum a cikin mahaifar budurwa. Allah bai ragu ba, bai bar sammai babu mai riƙo ba, bai rikiɗe ya daina zama Allah ba. Mutuntaka ya ɗauka ya haɗa da kansa.

Ka ga, har zuwa haihuwar budurwa hanyarmu ɗaya da ku. Kuna da sura guda mai sunan Maryamu, kuna kuma girmama Annabi Isa. Daga nan hanya ta rabu. Ku kun tsaya a kan cewa manzo ne, bawan Allah, ba a kuwa gicciye shi ba. Mu muka ce Allah ne a cikin jiki, an gicciye shi a zamanin gwamna Bilatus, ya mutu, ya tashi a rana ta uku. Wannan bambanci babba ne, babu amfanin yi masa kwaskwarima.

Tambayar da ta fi ta 'yarka nauyi ita ce: don me? Me zai sa Mahalicci ya shiga wannan wahala? Amsarmu tana cikin batun fansa, kuma tunda kai ɗan kasuwar Kwari ne, ka fi ni sanin bashi da jingina, ta nan zan bi da kai.

A cikin Attaura, Littafin Firistoci babi na 25, akwai doka a kan Ba'isra'ilen da talauci ya kai shi ga sayar da gonarsa ta gado, ko ma ya sayar da kansa ga baƙo mai dukiya. Dokar ta ba danginsa na kusa ikon fanso shi: ɗan'uwansa, ko baffansa, ko ɗan baffansa, ko wani na jininsa. Littafin Rut ya nuna mana irin wannan fansa tana aiki, a Baitalami kuwa abin ya faru, garin da daga baya aka haifi Yesu. Na'omi ta dawo daga ƙasar Mowab, miji ya rasu, 'ya'yanta maza biyu sun rasu, babu kowa tare da ita sai surukarta Rut. Wani danginsu mai hali, Bo'aza, ya tafi ƙofar gari ya zauna, ya kira mutumin da ya fi shi kusanci da marigayin, ya tara dattawa goma. Ya ce masa ga gonar ɗan'uwanmu nan, kai ne na gaba, za ka fansa? Mutumin ya ce zai fansa. Sai Bo'aza ya ƙara masa da cewa gonar da Rut tafiyarsu ɗaya, wanda ya karɓi gona sai ya auri matar, don kada sunan mamaci ya ɓace. Nan take mutumin ya buga lissafi irin naku na Kanawa, ya ga abin zai taɓa nasa gadon, ya janye. Aka tuɓe takalmi aka miƙa, wanda a al'adarsu ta lokacin shi ne sa hannu a gaban shaidu. Bo'aza ya fanshi gonar, ya auri Rut, ɗansu Obida kuwa shi ne kakan Dawuda.

Duba sharuɗɗan da ke kan mai fansa. Dole ya zama na jini. Dole ya kasance yana da abin biya. Dole kuma ya yarda, ko da abin zai ci masa dukiya. A fahimtarmu, ɗan Adam shi ne wanda ya sayar da kansa. Zunubi a wurinmu ya wuce jerin laifuffukan da mutum ya aikata ɗaya bayan ɗaya. Hali ne da ya kama zuriya gaba ɗaya, ya raba ta da Allah, ya jawo mata mutuwa. To wa zai fansa? Mala'ika ba danginmu ba ne. Mutumin kirki, komai kirkinsa, danginmu ne, amma shi ma mai mutuwa ne, kuma duk biyayyar da zai yi dama haƙƙin Allah ce a kansa, ba shi da rarar da zai biya wa wani. Allah kaɗai ke da abin biya, sai dai shi ba danginmu ba ne. Sai ya zama. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, babi na 2, a kan wannan ta tsaya: tunda mu masu nama da jini ne, shi ma ya shiga cikin nama da jinin, domin ta mutuwarsa ya karya ikon mutuwa. Shi ya sa a wurinmu Kirsimeti da Jumma'ar gicciye da Ista zance ɗaya ne. An haife shi ne don ya sami jikin da zai miƙa, ya kuma tashi da shi.

Kada ka ɗauka Turawan mishan ne suka zauna suka tsara wannan. Mutumin da ya fi kowa tsayawa a kansa ɗan Afirka ne, Atanasiyus na Iskandariya a Masar. A zamaninsa wani limamin coci a birnin, mai suna Ariyus, ya fara koyar da cewa Ɗan halitta ne, mafi girman halittu, amma akwai lokacin da babu shi. Maganar ta raba jama'a har sarki Konstantin ya kira taron bishop-bishop a garin Nikiya a shekara ta 325, garin da yau ake kira Iznik a Turkiyya. Atanasiyus ya halarta yana matashi, yana yi wa bishop ɗinsa Alekzanda hidima. Taron ya yanke cewa Ɗan zatinsa ɗaya da Uba. Shahadar bangaskiyar da aka fara tsarawa a can, aka kammala a Konstantinoful a 381, ita muke karantawa a tsaye a cocinmu da Hausa har yau. A 2025 taron Nikiya ya cika shekara 1700.

Atanasiyus ya zama bishop a 328, ya riƙe kujerar har rasuwarsa a 373, kuma sau biyar sarakuna suna korarsa daga birnin saboda ya ƙi sassautawa. Taurin kan nasa yana da dalili. Hujjarsa ita ce halitta ba ta iya ceton halitta. In Almasihu halitta ne, to shi ma yana cikin masu bukata. A littafinsa kan zaman Kalma mutum ya kawo misalin da na san zai shige ka: babban sarki ya shigo gari ya sauka a gida ɗaya tak, amma garin duka ya sami martaba, 'yan fashi kuma suka daina kusantarsa. Jiki ɗaya Kalmar ta zauna a ciki, in ji shi, amma dukan zuriyar da ke da irin wannan jiki ta amfana.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, ikkilisiya ta yi faɗa daidai wannan da waɗanda suka zarce ta ɗaya gefen. Tun a ƙarni na farko da na biyu akwai masu cewa Yesu Allah ne zalla, jikinsa kuwa kamanni ne kawai, ba ya jin yunwa da gaske, bai sha wuya da gaske ba. Sun yi haka ne da nufin girmamawa, don suna ganin bai dace da Allah ya gaji ba. Ignatiyus na Antakiya ya yaƙi wannan koyarwa a wasiƙun da ya rubuta yana kan hanyar Rum, inda aka kashe shi a farkon ƙarni na biyu. Daga baya wani masani, Apolinariyus, ya ce jikin na gaske ne, amma Kalmar ce ta maye gurbin hankalin mutum a cikinsa. Giregori na Naziyanzus ya ba shi amsa da cewa duk ɓangaren mutum da Almasihu bai ɗauka ba ya rage cikin cutarsa, hankali kuwa shi ne ya fara karkata a gonar Adnin, don haka shi ya fi bukatar magani. Taron 381 ya yi watsi da koyarwar Apolinariyus.

In ka karanta Linjila za ka ga marubutanta ba su ɓoye komai na wannan ba. An yi masa kaciya a rana ta takwas. Da aka kai shi Haikali, Luka ya ambaci hadayar tsuntsaye biyu, wadda a Attaura ita ce rangwamen da aka yi wa macen da ba ta da halin ɗan rago. An gudu da shi Masar yana jariri. Mutanen Nazarat sun san shi da sana'ar sassaƙa, bai kuwa fara wa'azi ba sai da ya kai wajen shekara 30. Markus ya nuna shi kwance a bayan jirgin ruwa, ya ta da kai da matashi, yana barci iska na neman kifar da su. Yohanna ya nuna shi zaune bakin rijiya a Samariya da tsakar rana, ya gaji, yana roƙon wata mace ruwan sha, ya kuma nuna shi yana hawaye a kabarin abokinsa Li'azaru. Ko bayan tashinsa, Luka ya ce an ba shi gasasshen kifi ya ci a gabansu. Wanda ke son ƙawata gwarzonsa ba ya rubuta irin waɗannan. An rubuta su ne don a tabbatar ɗan'uwanmu ne na jini.

Daga nan sai tambaya ta koma yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu. A Afisa a 431 aka ƙi ra'ayin da aka danganta wa Nestoriyus, wanda ya yi kamar ya raba Almasihu biyu. A Kalsidon a 451, wurin da yau unguwa ce a Santambul, aka ce shi ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ba su cakuɗe ba, ba su kuma rabu ba. Kibɗawan Masar da cocin Habasha da na Armeniya da wani ɓangare na Siriya ba su karɓi wannan lafazi ba, suka ce ɗabi'a ɗaya ce haɗaɗɗiya daga biyu. Rabuwar ta daɗe, ta kuma jawo ɓacin rai mai yawa. Sai a 1973 Paparoma Bulus na Shida da shugaban Kibɗawa Shenuda na Uku suka sa hannu kan sanarwa ɗaya a Rum cewa dukansu sun gaskata Almasihu cikakken Allah ne, cikakken mutum. Na kawo maka wannan ne don kada ka ce na ɓoye rigingimun gidanmu.

Yanzu ga wadda na san tana bakinka tun ɗazu: ai Allah mai iko ne, mai gafara, me zai hana shi yafewa kawai? Tambaya ce mai kyau, kuma malamanmu ba su kauce mata ba. Agustin, wanda shi ma ɗan Afirka ne, bishop na Hippo a ƙasar da yau take Aljeriya, da Toma Akwinas bayansa da ƙarnuka, duk sun yarda cewa Allah ba ya rasa wata hanya. Sun ce wannan ce dai ta fi dacewa da halin da muke ciki. Atanasiyus ya ce tuba tana tsayar da mutum daga ci gaba da laifi, amma ba ta cire ruɓar da ta riga ta shiga jiki, wato mutuwa, don haka sai rai da kansa ya shigo inda mutuwar take. Anselm na Kantabari, a littafin da ya kammala a 1098, ya bi ta wajen adalci: yafe laifi ba tare da an gyara ɓarna ba yana mayar da mai laifi da marar laifi daidai, kuma bashin na mutum ne amma ya fi ƙarfin mutum, saboda haka sai wanda yake Allah kuma mutum. Abelad, wanda ya zo jim kaɗan bayansa, ya fi ba da ƙarfi ga cewa ganin irin wannan ƙauna shi ke narkar da zuciya ya juyo da ita. Kiristocin yamma sun fi yin zancen da harshen shari'a da biyan bashi, na gabas kuma da harshen cuta da warkarwa. Ni dai ina ganin kowanne ya kama gefe ɗaya na abu guda. Na kuma san a wurinka amsar ba za ta gamsar ba, domin kai ba ka yarda an haifi mutum da nauyin Adamu a kansa ba, kana riƙe da cewa kowa kayansa zai ɗauka. Asalin saɓaninmu a nan yake, tun kafin a zo batun Baitalami.

Wannan koyarwa tana da haƙƙi a kanmu, kuma nan ne muke yawan faɗuwa. In Allah bai raina jikin mutum ba, Kirista ba shi da izinin raina jikin kowa. Basil na Kaisariya ya gina masaukin marasa lafiya da matalauta a bayan birninsa tun a ƙarni na huɗu saboda wannan. Asibitin da ke nan Wusasa da na Galmi a Nijar daga tushen nan suka fito, kuma ba a tambayar mutum addininsa kafin a duba shi. Amma ka zo wasu majami'u yau ka ji wa'azi, daga mota sai gida sai buɗi, kamar wanda muke bi ba a komin dabbobi aka kwantar da shi ba. Kirsimeti kuma ta koma gasar shinkafa da ɗinki, har mutum ya ci bashi don kada maƙwabta su raina shi. Ranar ma kanta Linjila ba ta faɗe ta ba. Shaida mafi daɗewa ta bikin 25 ga Disamba daga Rum take, a shekara ta 336, Kibɗawa da Habashawa kuwa sai 7 ga Janairu suke nasu.

Tunda na ambaci Habasha, ga wani abu da ya haɗa mu. Atanasiyus ɗin nan shi ya naɗa Furumentiyus bishop na farko na Aksum. Bayan wajen shekara 300, zuwa ga sarkin wannan ƙasa Kirista, Najjashi, Musulmin farko suka yi hijira daga Makka. Kamar yadda littattafan sira suka kawo, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa daga Suratu Maryam, aka kuma tambaye su abin da suke faɗa game da Isa, suka faɗi nasu ba tare da ɓoyewa ba, sarkin kuwa ya ƙi miƙa su ga waɗanda suka biyo su. Kai ka fi ni sanin labarin. Abin da nake so a ciki shi ne, an yi maganar Almasihu a fili, a fadar sarki, aka tashi da amana.

Game da auta, shawarata kada ka dagula mata kai da sunayen nan duka. Ka ce mata Kirista sun gaskata Allah ya zo da kansa cikin mutum don ya fanshi mutane, mu Musulmi kuma ba mu gaskata haka ba, ga abin da muka gaskata. Ka kuma ja mata kunne kada ta yi wa ƙawarta ba'a, ita ma ƙawar kada ta yi mata. Yaro yana iya riƙe gaskiya biyu: cewa mun bambanta, da cewa maƙwabci maƙwabci ne.

In akwai inda ka ga hujjata ta yi rauni, ka rubuto mini, ko ka kai wa malaminku na unguwa ya duba, ina son jin abin da zai ce. Ranar 25 kuma muna sa ranku kai da iyali. Ragon, kamar kullum, Musulmi ne zai yanka, don haka ba ka da uzuri. Ka taho mini da shadda mai kyau yadi goma, a farashin 'yan'uwa, ban da na baƙi. Ka gaishe mini da Hajiya babba ƙwarai da gaske, da uwargida, da yara duka. Maman yara tana gaishe ku. Allah ya bar zumunci, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu.

Naka har kullum,
Amininka na Wusasa